Kwalin da Na Kasa Takawa

Aikina a kamfanin kwali bai wuce abu ɗaya ba: inji ya tofo kwalaye, in duba bugun, in jera masu kyau, in yar da masu lahani. Waɗanda aka yar kowa tattaka su yake yi har a tashi, sannan a share a kai injin niƙa. Ni kam aikin ya yi mini, hannu na yi, kai na hutawa. An kuma ce in na gama watannin gwaji lafiya za a mayar da ni ta dindindin, har da inshorar asibiti. Ita nake nema ido rufe, don 'yata na fama da asma.

Wata safiya aka sauya aiki, sai inji ya fara tofo kwalaye masu rubutun Larabci.

Mu a gidanmu, ko guntuwar takarda aka gani a ƙasa da baƙin Larabci, ɗauka ake yi a saƙale a bango. Inna ta sha murɗe mini kunne a kan haka. Ina iya haɗa baƙi, amma ma'ana sai dai a faɗa mini. Na ga alif, na ga lam. Ina dubawa ƙasa, ga takalman mutane a kai. Wallahi ban san sa'ad da na danna jan maɓallin tsayar da inji ba.

Shugabar layin aikinmu, wadda ba ta jin Hausa, ta zo da gudu tana duba yatsuna. Turancina ya gudu ya bar ni. Da ƙyar na ce mata rubutu ne a jiki. Ta ce ai kowane kwali da rubutu a jikinsa. Ta gargaɗe ni cewa in na ƙara tsayar da layi ko na rage sauri, ba ta da yadda za ta yi da ni.

Sauran makon ina aiki ina cusa masu lahanin a ƙarƙashin tebur, kamar ɓarauniya. In an tashi in kwashe su, na yi ta yawo da su a titin Wendover, but ɗin bayan motata cike, ban san inda zan kai su ba. Ranar Asabar na kai wa Malamin da ke koya wa yaranmu karatu guda ɗaya.

Ya gyara tabarau ya karanta. "Hajiya, ai cewa aka yi a ajiye a busasshen wuri, kada rana ta taɓa."

"Ke nan in taka, Malam?"

"Ba aya ba ce," ya ce. "Amma fa baƙin, su ne dai baƙin."

Na fito kaina ya fi ɗaurewa. Haushi ya kama ni, ban ma san na wa ba.

Ranar Litinin kwali ya faɗo daidai ƙafata, inji na ta tofowa, shugaba na tsaye tana kallona. In na sunkuya, jeri ya rushe. Na tuna numfashin 'yata, na taka na wuce.

An ba ni aikin. Ranar da na fara karɓo mata magani da katin inshorar, na zauna a mota na rasa ko murna zan yi ko istigfari. Sai na tsinci hannuna a kunnena na hagu, wanda Inna ke murɗewa.