Ɗan gicciyen da hannuna ya kasa kaiwa

Assalamu alaikum. Wata takwas ke nan ban ce komai a nan ba. Na ga saƙonninku duka, hannun da zan amsa da shi ne babu.

Waɗanda suka san ni a Dogon Dutsi sun san aikina: gyaran ordinatar, wato kwamfuta, da ƙera ƴan shafukan intanet ga ƙungiyoyi.

Abin ya fara ne bayan wata gudawa da na yi ta kwana uku. Na warke, sai na ji kamar kiyashi na yawo a yatsun ƙafata. Silifa ya riƙa zame mini ban sani ba. Ranar Juma'a na yi sujada na kasa tasowa, sai da na kusa da ni ya kama ni.

Innata ta zo daga Matankari, ta dube ni ta ce, "Wannan ba na likita ba ne, aljana doguwa ce ta taɓa shi." Yayana Isuhu ya ce, "Inna, ki yi mashi addu'a, amma Doso za mu tahi."

Daga Doso aka tura mu Yamai. Kafin mu isa, hannuwana ma sun mutu.

An soka mini allura a gadon baya an ɗebi ruwa. An sa wa ƙafafuna lantarki ana auna jijiyoyi. Kowace safiya sai a ba ni wani bututu in hura, a ga ko ciwon ya hau ƙirji. Bututun nan shi na fi tsoro.

Likita ya ce sunansa Guillain-Barré, jiki ne ke faɗa da jijiyoyinsa. Na ce, zan tashi? Ya ce, "Da yawa suna tashi. Ranar ce ba zan iya faɗa maka ba."

Maganin tsada gare shi ƙwarai. Yaya Isuhu ya sayar da shanun nomansa, bai gaya mini ba sai da muka dawo.

Matata Rabi ce ke ba ni abinci, ita ke juya ni. Ƙuda ya sauka a fuskata, sai dai in dube shi.

Bayan mun dawo gida kafaɗa da gwiwar hannu suka fara motsi, yatsu kuwa shiru. Mai yi mini gashi da motsa gaɓoɓi ya ɗaure mini fensir a tafin hannu da robar tayar keke, don in riƙa danna kilabiye, allon haruffan ordinatar, harafi ɗaya ɗaya. Suri kam, linzamin da ake tura kibiya da shi, ya fi ƙarfina: in na tura, sai kibiyar ta tsallake abin da nake nema.

Gab da damina Inna Mariyama ta kira ni. Ita ce shugabar wata ƙungiyar mata manoma a Gesheme, ni na ƙera musu shafin da sunayen membobinsu suke. Ta ce, "Ɗana, in ba ka iyawa ka bari. Irin wake za mu raba gobe, sunayen matan Dumega nike so."

Na ce zan iya. Ina so in ji na amfani wani, ko sau ɗaya.

Rabi ta buɗe mini shafin ta tafi kasuwa. A akwatin bincike na rubuta Dumega, fensir ya zame, harafi ɗaya ya ɓaci. Jerin sunaye ya ɓace gaba ɗaya.

A gefen akwatin akwai ɗan gicciye, alamar X, wanda in ka taɓa shi yake share rubutun ya dawo da jerin. Na danna Tab, maɓallin da ke tsallaka da kai daga wuri zuwa wuri. Ya wuce gicciyen. Na zagayo shafin duka, ya sake wuce shi. Na goge haruffan ɗaya bayan ɗaya, jerin bai dawo ba, akwatin ma ya ƙi karɓar sabon bincike sai an taɓa gicciyen.

Ni na yi shi haka. Hoto kawai na liƙa, na ce ai kowa na da suri.

Ga gicciyen ina kallonsa, bai kai ƙwayar gero biyu ba. Hannuna ya gaji ya faɗi kan cinya. Wayar Inna Mariyama ta shigo sau uku, ban iya ɗauka ba. Ko a Yamai ban yi kuka irin na ranar ba.

Rabi ta dawo bayan azahar, ta ga fuskata ta ce, "Mi ya faru?" Na nuna mata da haɓa. Ta sa yatsa ɗaya ta danna, sunaye suka dawo. Ta share mini fuska da bakin zanenta, ta karanta wa Inna Mariyama sunayen ta waya.

Gyaran gicciyen nan, wanda a da bai fi mini minti goma sha biyar ba, kwana tara na yi ina yin sa da fensir.

Yanzu ina takawa da sanda. Alhamdu lillahi. Rabi, Yaya Isuhu, Innata da ba ta daina addu'a ba, ma'aikatan jinyar da ban riƙe sunayensu ba, Allah ya saka muku.

In kun ji ƙafa na mutuwa, mutuwar kuma tana hawa sama, kada ku kwana a gida. Ku tafi asibiti tun numfashi na lafiya.

Ku kuma abokan sana'ata, kafin ku miƙa aiki ku cire suri, ku bi shafin da kilabiye kaɗai. Gicciyen sharewa ya zama maɓalli na gaskiya da Tab ke tsayawa kansa, a ga alamar ya tsaya, Antire, maɓallin shigarwa, ta danna shi. Ku ba shi suna don na'urar da ke karanta wa makafi ta faɗe shi. In ya share, ya maida mutum cikin akwatin.

Wannan rubutun da yatsu shida na yi shi. Sauran huɗun muna jiransu, ku sa mu a addu'a.