Gwangwanin albarushi na biyu

Shekaru masu yawa baya, lokacin da kuɗin mai ya sa gwamnati ke turo mu karatu London, na kama ɗaki a Barking a gidan wani tsohon Bature. Sha'awarsa ɗaya ce: harbin faifan yumɓu da ake cillawa sama. Da kansa yake sake cika ƙwanson harsashinsa a 'yar rumfar bayan gida. Ni kuwa na cika shi da labarin cewa kakana maharbi ne, alhali ko kurciya ban taɓa harba ba.

Wata Asabar zai kai matarsa asibiti, ya bar ni in ƙarasa cika guda ashirin. Ina tsaka da aiki albarushin ya ƙare. Na ga wani gwangwani a kan kanta, na ce ai albarushi albarushi ne. Na auna daidai da na farko, na gama, na zube su cikin jakarsa tare da nasa.

Washegari a filin harbi ya gabatar da ni ga abokinsa. Da muka yi musabaha, yatsu uku na ji a hannuna. Bayan ya wuce, maigidan ya ce, "Canza albarushi ya yi bai duba littafin awo ba. Bindigar ta fashe a hannunsa."

Kunya ta hana ni magana. Ina kallo maigidan ya harba biyu, kowace ƙara sai na runtse ido ina salati. Ya sake sa hannu a jaka, ya ɗura, ya ɗaga bindigar. Na riƙe masa gwiwar hannu, na gaya masa abin da na yi.

"Wane gwangwani?" ya ce.

"Mai jan murfi."

Ya buɗe bindigar a hankali ya zare harsasan. Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi. A gida muka wuni muna warware na jakar ɗaya bayan ɗaya. Da ya buɗe biyun da ya zare, ya daɗe yana kallon ɗaya. Nawa ne.

"Wannan albarushin ya fi wancan saurin cin wuta," ya ce. "Abin da littafi bai rubuta ba, ba a musanya shi."

Yau na haura saba'in. Abin da ke tayar min da tsigar jiki ba kuskuren ba ne, harbi biyun nan ne da na tsaya na yi shiru.