Baba Tsaya-Tukuna da bawul ɗin da ya wanke direba

Kafin masu shagunan kayan gyara su ɗaga ƙofofinsu, Baba ya riga ya iso gareji. Da can a ƙafa yake zuwa, yanzu gwiwoyi sun ƙi, sai a kan tsohon babur ɗinsa, wanda shi ma sai an lallaɓa shi yake tashi. Zai buɗe akwatin ƙarfe, ya shimfiɗa buhu a ƙasa, ya jera sifanu daga ƙarami zuwa babba, sannan ya zauna a kan wata tsohuwar taya yana murza yatsunsa har su saki. Shekara arba'in da ɗaya ke nan yana shiga ƙarƙashin manyan motoci masu shan dizal. Baƙin mai ya shige masa farce ya yi gida, matarsa ta gaji da sayen sabulu ta bar wa Allah.

Direbobi ne suka raɗa masa Tsaya-Tukuna. Duk wanda ya shigo yana kumfar baki cewa a sauke famfo, a tsaga inji, amsar da zai samu ɗaya ce. Baba ba ya taɓa noti sai an tayar da mota ya saurara. Masu gaggawa sun sha yin fushi su tafi wani wuri, da yawansu kuma bayan kwana uku sai ga su ana jan motarsu da sarƙa, kai a sunkuye. Ba ya yi musu gori. Gajiya ma ba ta barinsa.

Ƙarshen watan nan zai ajiye sifana. Mai facin taya da ke maƙwabtaka da shi, wanda aka yi komai a kan idonsa, shi ya ba da labarin dalilin.

Wata Laraba da hantsi aka shigo da motar siminti tana tari da farin hayaƙi. Direbanta ya shekara goma sha tara yana yi wa mutum ɗaya tuƙi. Motar ta daɗe tana wahalar da shi: da safe sai an yi ta ba ta kiy, ana murza mukulli, kafin ta tashi, a hawa kuma ƙarfi ya tsere mata ko da an take totur har ƙasa. An canja filta sau biyu, an canja ƙaramin famfon da ke jawo mai daga tanki, ba ta sauya zani ba. Makanikai biyu suka yanke hukunci cewa babban famfon injekta, mai tura dizal cikin inji, ya mutu, kuma gurɓataccen mai ne ya kashe shi. Mai motar ya ɗauka direbansa na sayar da dizal yana cike gurbin da kananzir. Direban da aka liƙa wa sunan ɓarawon mai kuwa, babu mai sake miƙa masa mukulli.

Mai motar ya zo da kansa, mukullin a hannunsa.

"Baba, ka duba ka faɗi gaskiya a gabansa," in ji shi. "In mai ne, yau ɗin nan ya sauka."

"Baba, ka san ni," direban ya ce. "Wallahi ko lita ɗaya ban taɓa..."

"Tsaya tukuna," in ji Baba.

Ya tsiyayi mai daga filta a farar kwalba, ya ɗaga ta saitin rana, ya shinshina. Man garau yake. Ya ɗaura gejin auna ƙarfin mai, aka tayar da inji da ƙyar, allura ta kwanta can ƙasa. Sai ya naɗa tsumma a bakin filaya, ya matse tiyon da ke mayar da rarar mai cikin tanki. Nan take allura ta miƙe, muryar injin ta washe.

A bakin wannan tiyo, jikin babban famfo, akwai wani bawul da bai wuce babban yatsa ba, da ɗan sifirin, wato naɗaɗɗiyar waya mai dannuwa ta dawo, da ƙwallon ƙarfe a cikinsa. Aikinsa ya riƙe mai a famfo har ya yi ƙarfi, sannan ya saki abin da ya yi saura. In sifirin ya gaji, mai sai ya riƙa sulalewa yana komawa baya, inji na yunwa alhali tanki a cike.

Baba ya hau da ƙyar, yana nishi. Ya kwance bawul ɗin, saura kaɗan wosha, ɗan zoben da ke hana yoyo, ta faɗa masa cikin inji. Ya sauko ya warware shi a tafin hannu. Zobban sifirin ɗin ba su daidaita ba, wasu a matse wasu a buɗe. An taɓa jan sa da hannu don ya ƙara tsawo, dabarar da makanikai kan yi ta kwana biyu in babu sabo a kusa.

Mai motar ya leƙo, shi ma ba baƙo ba ne a harkar.

"Wannan ai an taɓa shi," ya ce, ya juya kan direban. "Wato har kai ta kake yi wani wuri a ɓoye ana jagwalgwala mini mota?"

Direban bai san komai a kai ba. Baba ne kaɗai ya sani, kuma ba wanda zai taɓa ganewa in ya yi gum.

"Alhaji, ƙyale bawan Allahn nan," ya ce. "Hannuna ne. Bara da damina ta zo da lodi, shaguna babu bawul, na ja sifirin ɗin don ta kai kaya. Direban ya tafi masallaci lokacin. Na yi niyyar ce masa ya dawo cikin sati in sa sabo, na manta. Tun da nake wannan aiki ban taɓa manta irin wannan ba."

Aka sayo sabon bawul, Baba ya ɗaura shi da sababbin wosha, ya ɗaure ba tare da ya wuce gona da iri ba, ya buga famfon hannu har iska ta fita. Kiy ɗaya motar ta tashi. Mai motar ya miƙa wa direban mukulli ya ce, "Ka yafe mini." Direban ya karɓa, ya zagaya bayan mota, ya fi minti goma bai fito ba.

Da suka tafi, Baba ya koma kan tayarsa ya ce wa mai faci, "Ido ya ragu na sa tabarau, gwiwa ta ƙi na hau babur. Mantuwa fa, me zan sa mata? Yau abincin mutum ta kusa ci. Ba zan jira ranar da za ta same ni a kan birki ba."

Baba, kai ne ka wanke wanda aka shafa wa kashin kaji, da sunanka na shekara arba'in ka wanke shi. Abin da ciwo a ga gwani ya sauka ta wannan ƙofa, kuma mun san kai ma ya yi maka ciwo. Amma mun ga makanikai da yawa da suka iya gano cutar mota, ba mu cika ganin wanda zai gano nasa hannun a ciki ya faɗa ba. Mun gode, Baba. Allah ya huta gajiya, ya sassauta maka gwiwoyin nan, ya sa ka ga sakamako a kan 'ya'yanka.

Ku kuma da kuka rage da sifana a hannu, da duk mai wata sana'a, ku ɗauki wannan daga gare shi. Ran da aka tsare wani a gabanku kan ɓarnar da kuka san taku ce, ku buɗe baki tun bai koma gida ya gaya wa iyalinsa an sallame shi ba.