Kabad ɗin Malama Kwali

A gidan Malama Kwali ba a buɗe gwangwani sai an kai shi kunne an girgiza tukuna. Dalili kuwa, duk gwangwanin da ya shigo gidan, kafin ya kwana ta jiƙa shi da ruwan ɗumi, ta ɓare takardar jikinsa, ta shanya a bakin taga. Mijinta tela ne, mutum mai sanyin hali, amma sau biyu yana huda gwangwanin tumatir a kan kofin shayinsa da sunan madara.

"Malama, don Allah ki bar mana ko guda ɗaya da rigarsa," yakan ce.

"Girgiza ka ji, maigida. Ai madara ba ta ɓoye muryarta."

Harshe take koyarwa a sakandare, shekara goma sha tara ke nan. Tun da wuri ta lura ɗalibanta na rera littafin aji kamar waƙa, amma a miƙa musu takardar cikin kwalin magani sai su yi zuru. Daga nan ta fara tare-taren irin waɗannan takardu. A bayan ajinta akwai wani kabad na ƙarfe da ba ya rufuwa sai an sa masa gwiwa. Ciki kuwa ba abin da babu: jadawalin motoci, sanarwar ɗauke ruwa, fom ɗin asibiti, bayanin haɗa fanka. Takan raba wa kowane benci ɗaya, ta tsaya da alli a hannu.

"Wa ya rubuta? Wa yake so ya karanta? In kun karanta ba daidai ba, wa zai sha wuya?"

Nan aji zai kaure da gardama. Su ne ma suka laƙaba mata Kwali, ita kuma ta amsa.

To, a wani dogon hutu makaranta ta ɗauki sabon mai shara, dattijo mai himma. Ya buɗe kabad ya ga tarkace, ya kwashe ya ƙona, ya goge ciki tas. Ran komawa ya tare ta a bakin ƙofa yana murmushi, yana jiran yabo.

Ta buɗe kabad ta ga wayam. Can ta ce, "Sannu da aiki, baba."

Mako guda tana koyarwa daga littafin aji, murya ƙasa-ƙasa, ɗalibai na hamma. A gida ma ta daina ɓare-ɓare.

"Na tsufa da sake farawa," ta ce wa mijin.

Kwana bakwai tela na shan shayinsa lafiya, ba tumatir ba komai, amma ta lura ko rabin kofi ba ya kaiwa.

Ran Litinin da safe ta shiga kicin, sai ta ga gwangwanaye jere tsirara. A kan tebur ga wata jaka sabuwar ɗinki, mai aljihu har shida. Ta zuge. Ga bayanin keken ɗinkinsa da ya ajiye tun kafin a haifi 'yarsu ta fari, ga takardun da ya bi shagunan layinsu yana roƙo, na mai gyaran rediyo, na mai kemis. A aljihun ƙarshe kuma takardun gwangwani ne, duk a yayyage.

"Maigida! Wa ya ce maka a bushe ake ɓarewa? Dubi wannan, ka cinye rabin jimla!"

"To ni ɗalibinki ne? Ba ki taɓa koya min ba."

Ta ɗaga yagaggiyar takardar tana dubawa, baki na motsi.

"Bari dai. 'Yan aji uku za su cike abin da ya ɓata."

Ta rataya jaka ta yi waje da sauri. Daga tsakar gida tana jiyo shi yana girgiza gwangwani, ya ajiye, ya ɗauki wani.