Wurin Miƙar Tanki

Shekarar da soja suka sauka daga mulki aka gina mana tankin ruwa na kankare a tsakar gidan hayarmu a Agege. Dogo ne, ya fi ni tsawo. Maginin wani dattijo ne mutumin Nijar. A tsakiyar bangon, daga sama har ƙasa, ya bar tsagi mai faɗin yatsa, ya sa roba a ciki, ya shafe da wani baƙin abu mai danƙo kamar kwalta.

Lokacin 'yata tana tatata, kuma inuwar tankin nan ce wurin zamanta. Na nuna wa maginin tsagin na ce, "Baba, ka manta nan."

Ya yi dariya. "Ɗiyata, ban mance ba. Siminti ma miƙa yake yi kamar mutum. Rana ta dake shi ya buɗe, ruwa ya sanyaya shi ya tsuke. In ba a bar mai wurin miƙa ba, da kanshi za shi nema."

Na ce to, amma raina bai kwanta ba. Ni dai tsagi nake gani, ruwa fal a bayansa, 'yata a gindinsa tana wasa da murfin kwalba. Ina wanki ina kallonsa, ina tuƙa tuwo ina kallonsa. Ran nan da hantsi, mutan gida duk sun fita, na ƙwaƙule baƙin abin da wuƙa, na kwaɓa ragowar simintin da ya bari a bayan bayi, na cika tsagin dam, na shafe da bayan cokali. Ranar na ci abinci da daɗi.

Bayan wasu watanni, cikin tsananin zafi, aka cika tankin da ruwan sanyi da tsakar rana. Sai na ji ƙas! kamar an karya rake. Wani sabon tsagi ne a karkace, taku ɗaya daga inda na toshe, ya sauko daidai kan 'yata. Ɓallen siminti ya faɗi gefen ƙafarta. Ruwa na tsartuwa a gashinta, ita kuwa dariya take, tana tara hannu. Ban san lokacin da na fizge ta ba.

Alhaja mai gidan ta sa aka kira dattijon. A gaban kowa ta wanke shi tas, da Yarabanci da Hausa, wai aikin banza ya yi mata, ya kusa kashe 'yar mutane. Ya shafa inda na toshe da babban yatsansa. Sawun cokalina na nan raɗau. Ya ɗago ya dube ni, ya dubi yarinyar da ke bayana.

Ya ce, "Alhaja, a kwashe ruwan in gyara."

Bai ƙara komai ba. Ni kuwa na gyara goyon 'yata na shige ɗaki. Daga ranar ba wanda ya sake kiransa aiki a layinmu.

Har yau in aka karya rake kusa da ni sai na waiga neman 'yata, ita da yanzu take goye da tata.