Muryar da na ɓoye a ƙarƙashin kallabi

Da za a ce tsufa zai kwashe duk abin da ke cikin kaina ya bar mini ɗaya tak, to ranar da na tsaya gaban manya a bakin kwarinmu zan roƙa a bar mini. Ita kam ba zan manta ba har a rufe ni. Ni ban shiga lakwal ba, ban san baƙin boko ba. Jikata ce ke riƙe da alƙalami, ni nawa baki ne.

Abin ya faru bayan babban farin nan da ya ƙare dabbobi. Muna da wani kwari a bayan Gure, can ƙasa tsakanin tuddan rairayi, inda ruwa ba shi da nisa. Akwai dabino, akwai rogo, akwai albasa. Shi ya riƙe mu lokacin da gero ya ƙi. Amma rijiyoyinmu na haƙar hannu ne, yau ka haƙa, gobe su rufta, ga tudu yana gangarowa yana cin lambu taki-taki. Har maigidana ya furta cewa in aka ƙara shekara a haka, kaya za mu ɗaure mu yi kudu. Ni kuwa a kwarin nan aka binne cibiyata.

Ana nan sai labari ya zo cewa kwamanda, babban jami'in gwamnati na yankinmu, zai kawo baƙi daga Yamai, masu ɗaukar hoton silima. Za su zaga kwaruruka, kowane wuri mutanensa su faɗi damuwarsu, a kai hoton gaban masu yanke inda za a gina rijiyar siminti da shingen tare rairayi. Aka ce lalle sai mace ta yi magana, tunda mata ne a lambu. Matan unguwa suka ce ni, don kowa ya san in na buɗe baki da tatsuniya, ko jariri sai ya saki nono.

To, ashe tatsuniya a tsakar gida daban, tsayuwa da rana tsaka gaban maza daban. Wani mutum ya riga baƙin zuwa don ya shirya mu, dogo, ma'aikacin gidan rediyo, da akwatin ɗaukar murya rataye a kafaɗa. Ya tsai da ni gaban dattawan unguwa don gwaji, ya ce, “Inna, bismilla.” Na gaishe su, na sake gaishe su, na tambayi iyalinsu, daga nan kaina ya zama fanko.

Ya ce, “Inna, zaren hoton nan gajere ne, ba ya jiran mutum ya tuna. Masu karatu muna ɗaga musu takarda a bayan injin ɗaukar hoton. Ke kuwa ga dabara.” Ya fito da wani ɗan abu kamar ƙwallon dabino, da siririyar waya a jikinsa. Ya ce zai faɗi jawabin a cikin kaset, in ɓoye wani ƙaramin akwatin kaset a ƙarƙashin mayafi, in sa ɗan abin a kunne, duk abin da na ji in maimaita.

Maigidana yana zaune yana gyaran igiyar guga. Ya ɗago kai ya ce, “Tsaya, Malam. Muryar wa za ta riƙa ji?”

“Tawa, Baba.”

“Taka? A cikin kunnen matata?”

“Ai kaset ne, ni ina can nesa.”

“Nesa ko kusa, raɗa raɗa ce. Ni da na biya sadaki ban taɓa yi mata raɗa a gaban mutane ba, sai kai da ka sauko daga mota jiya?”

Dattawa suka fashe da dariya, amma babu wanda ya ce bai yi daidai ba. Ni ma, gaskiya, da na ɗan saurara na ji maganar mutumin ba ta zauna a bakina. Hausarsa mai kyau ce, amma ta rediyo ce, tana tafiya a miƙe kamar hanyar mota. Tawa kuwa hanyar jaki ce, sai ta ratsa ta gaida kowa.

Bawan Allah bai yi fushi ba. Sai ya ce, “To ta ji muryar kanta mana. Ko ita ma akwai laifi, Baba?” Maigida ya ce, “Wannan kam ta saba ji, tun safe har dare.”

Da la'asar ya ajiye akwatin a tsakar gidanmu, ya danna, ya fita zaure ya bar mu mu mata zalla. Na zauna kan tabarma ina ɓarar wake, na fara ba su labarin kwari kamar yadda nake ba yara labarin gizo. Wannan ta ce kada in manta da rijiyar da ta rufta da guga, waccan ta ce in faɗi dabinon da rairayi ya binne har wuya. Akwai wata tsohuwa maƙwabciyarmu, Babarbariya, wadda ƙafa ta hana ta fita, aka ɗauko ta aka jingina da bango. Duk inda na dire magana sai ta ce, “Haka ne, ɗiyata.”

Har na manta da akwai akwati. Ina cikin magana sai na ji bakina ya kai inda bai taɓa kaiwa ba. Na ce a shekarar yunwa ɗana na fari ya tafi kiwo da sauran awakinmu wajen Kelle, ya dawo babu awaki, babu lafiya, bai ƙara tashi ba. Ƙannensa kuwa rogon kwarin nan ne ya tsai da su da rai. Ku na yanzu ba ku san nauyin wannan ba. A zamaninmu mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna ta damu da shi, ko a rasuwarsa ba a ga hawayena a fili ba. Murya ta sarƙe mini. Sai tsohuwar nan ta ce, “Ci gaba, muna bayanki.” Na ci gaba har na dire.

Da mutumin ya saurara, ya ce, “Inna, in goge wurin nan?” Na ce, “Bar shi, in na zo gun sai in tsallake.”

Koyon bin muryar shi ne aiki. In na jira ta gama, ta wuce ta bar ni. In na yi sauri, mu yi karo. Ina ta cin tuntuɓe har wata safiya muna daka da ƙanwar maigida, ita ta sauke taɓarya, ni in sauke tawa a bayanta. Na ce af, ashe lugude ne! Ba ka jiran ɗan'uwanka ya gama daka, ba ka kuma rigansa, a bayansa kaɗan kake faɗawa. Tun daga ranar na riƙe ta. Ina shara ina bi, ina tuƙa tuwo ina bi, har maigida ya ce gidan ya koma mata biyu masu baki ɗaya.

Ranar da baƙi suka zo, gari ya fito kaf. Aka jera kujeru a bakin kwari, ga kwamanda da kakinsa, ga wani nasara ya ɗora injin a kafaɗa yana leƙe da ido ɗaya. Na ɗaure ƙaramin akwatin a ƙugu, waya ta bi ta cikin riga ta hau bayan wuya, na ja kallabi na rufe kunne. Aka kira ni. Na ga maigida a cikin maza ya sunkuyar da kai. Na yi bismilla, na danna maɓallin da yatsa ta ƙarƙashin mayafi.

Sai ga ni a cikin kunnena, a zaune, hankali kwance, har ina jin ƙarar wake yana zuba cikin ƙwarya. Na faɗa a bayanta. Ta ce rijiya, na ce rijiya. Ta ce dabino, na ɗaga hannu na nuna musu shi ga shi can, kansa kaɗai ya rage a waje. Jama'a suna ganin mace ɗaya a tsaye, ni kuwa da matan unguwa duka nake tafe.

Muka iso wurin da na ce zan tsallake. Na san yana zuwa kamar yadda ake sanin rami a hanyar gida. Na dubi lambun, na dubi tudun da ke bisa kansa, na ce a raina, in na haɗiye wannan, me ya rage da zai sa su bambanta kwarinmu da na kowa? Na bi ta. A gaban kwamanda, a gaban dattawa, a gaban ubansa, na ce ɗana na fari. Inda muryata ta sarƙe a kaset, nan ta sarƙe a fili. Can cikin kunnena tsohuwa ta ce, “Ci gaba, muna bayanki.” Na ɗaga kai na ce, “Ranka ya daɗe, ba abinci muke roƙo ba. A tare mana rairayi, a riƙe mana bakin rijiya, sauran aikin hannunmu ya iya.” Waɗannan kalmomin ba sa cikin kaset. Daga baya na tsinci zaren muryar na ƙarasa.

Da muka koma gida ina jiran faɗa, don na keta abin da iyaye suka bar mana. Maigida ya zauna. Sai ya ce, “Yaron nan ya yi mana kiwo da ransa, yau kuma ya yi mana magana.” Ya tashi ya shiga ɗaki. Kafin damina ta biyu kamiyo, babbar motar kaya, ya sauke siminti a bakin kwari. Ba mu yi kudu ba. Albasar da jikata ta yanka a miyar yau, daga can aka ciro ta.

Yanzu ina ganin yara da irin ɗan abin nan a kunne suna magana gaban hoto, wasu na cewa ha'inci ne. Ni ban ce ba. Abin da ranar ta koya mini shi ne, abin kunne ba ya ba ka komai sai abin da ka zuba masa. In ka zuba maganar aro, za ka tsaya da bakin aro. In ka zuba taka, wadda ka faɗa a cikin mutanenka hankali kwance, to ranar da tsoro ya kama ka ita za ta riƙe hannunka ta ƙetarar da kai.