Tafiyar Kofur

Yayata ba ta iya tafiyar mata ba, kuma ba ta taɓa ɓoyewa ba. Takan buɗe ƙafa ta jefa gaba, ta dire dunduniya da ƙarfi, hannuwa na lilo kamar za ta mari iska. Tun muna yara aka laƙaba mata Kofur, sunan ya bi ta har furfura.

Innarmu ta yi iya yinta. Ta ɗora mata faranti a ka, ta matse mata ɗaurin zane, ta ce ta dube ni ta koya, don ni Allah ya ba ni yanga, ko da yake har yau ban ga abin da ta tsinana mini ba. Yaya takan ɗan taka kaɗan, sai ta kwance zanen ta sake ɗaura shi yadda take so.

"Inna, in kin aike ni, saƙon kike so ya isa ko rangwaɗa?"

Mijinta akawu ne, gajere, mai son a gan shi. In sun fita tare sai ta bar shi a baya yana sassarfa yana sharce gumi. Ya ce mace ba ta wuce mijinta a hanya. Ta ce to ya ƙara mai. Auren bai yi nisa ba. Ya tafi ya bar ta da 'ya ɗaya, wadda muke kira Tilo.

Da wannan tafiyar ta ciyar da yarinyar. Ta samu aiki a asibiti, tana tura gadon marasa lafiya daga ɗakin kwanciya zuwa ɗakin tiyata, ta wata doguwar baranda da kullum take jiƙe da ruwan sabulu. Ma'aikata da yawa sun sha ƙasa a wurin. Yaya har ta bar aiki ba ta taɓa faɗuwa ba. In aka kawo mai naƙuda jini na zuba, abin da za ka ji kawai shi ne a kira Kofur. Takan ce ƙafa biyu a haɗe ƙafa ɗaya ce.

Tilo ta gaji tafiyar sak. A firamare yara kan bi ta a baya suna cewa hagu, dama, hagu, dama. Da ta shiga makarantar kwana sai ta kashe tafiyar da kanta, ta dawo hutu tana taku kamar ƙwai zai fashe mata a ciki. Ana gobe za ta koma ta ce da uwarta, tana kallon ƙasa, "Umma, ranar ziyara ki bari Anti ta riƙa zuwa." Ni ce Antin. Yaya ta yi dariya ta ce an rage mata wahala. Ita ke haɗa kayan, ni ke kaiwa. In na dawo sai ta tare ni tun a ƙofa tana tambaya ko yarinyar ta rame, ko ta tambaye ta. Wani lokacin ta tambaya.

Tilo ta yi karatu, ta samu aikin banki, ta samu miji ɗan manya. Aka kama babban zaure don liyafa, aka ɗauko wata budurwa mai shirya biki. Ita ta ce uwar amarya za ta shigo ta tsakiyar jama'a, daga ƙofa har kujerarta a gaba, masu hoto na ɗauka. Muna zaune a ɗakin Yaya aka yi maganar. Tilo ta dube ni.

"Ko Anti ta shiga, Umma ki zauna tun kafin mutane su cika? Ƙafarki ma ta huta."

"Ƙafata ta kawo miki ƙara ne?"

"Ba haka nake nufi ba."

"Na san abin da kike nufi. Zan koya."

Wannan kalma ban taɓa jin ta a bakinta ba, ko a gaban Inna.

Mai shirya bikin ta riƙa zuwa da la'asar. Aka ɗinka siket mai matse gwiwa, aka sayo takalmi mai tsini. Aka janye tabarma, aka nuna wa Yaya layin da ke tsakanin tayil.

"Mama, ƙafa gaban ƙafa, kamar a kan igiya. Kada ki kalli ƙasa. Hannun nan ki ajiye shi, ba fareti ba ne."

"'Yar nan, a kan igiya biri ke tafiya."

"Ki haɗe gwiwa, Mama. In kin ji za ki karkace, ki ƙara haɗewa."

Bayan ta tafi na ce, "Yaya, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ki sa silifas ɗinki ki shiga yadda Allah ya yi ki. Wanda ya ga dama ya yi dariya."

Ta ce, "Ke an taɓa hana ki zuwa makarantar 'yarki?"



Ta koya kuwa, don ba raguwa ba ce. Ranar bikin ta shigo a hankali, kai a ɗage, hannu a ajiye. Wata a kusa da ni ta ce uwar amarya akwai aji. Yaya ba ta kallon kowa sai Tilo, Tilo kuma tana murmushi, irin wanda ban taɓa ganin ta yi wa uwarta a gaban mutane ba. Saura kaɗan Yaya ta kai kujerar, ashe wani ya zubar da lemo a ƙasa. Tsinin takalmin ya zame. Da Kofur ɗin da ce, buɗe ƙafa za ta yi ta wuce abinta. Wannan sai ta haɗe gwiwa kamar yadda aka koya mata, ta tafi gaba ɗaya a kan ƙugu. Kiɗan ma bai tsaya nan take ba.

A asibitin da ta yi aiki aka yi mata tiyata, ta barandar nan aka tura ta. Ƙashin tsufa bai kama da kyau ba. Yanzu da ƙarfe mai ƙafa huɗu take jan jiki daga gado zuwa banɗaki, ni ke riƙe mata zane. Da aka kawo bidiyon bikin muka kalla, an yanke shigowarta duka, har da wurin da ta yi daidai. In ka gani sai ka ce amaryar marainiya ce.

Ba zan yi wa Tilo ƙarya ba, tana zuwa, tana kawo magani da 'ya'yan itace. Tun daga tsakar gida muke jin ƙwas-ƙwas ɗin takalminta. Makon jiya ta zo, ta zauna a bakin gado tana duba waya. Yaya ta daɗe tana kallon ƙafafunta.

"Na fara manta yadda nake tafiya," in ji ta. "Ko a mafarki da ƙarfen nan nake ganin kaina. Ba wanda ya taɓa ɗaukata a hoto ina tafiyata, sai ta aron, ita ma kun yanke."

"Umma, ki bar tuna wannan."

Yaya ta juyo gare ni. "Anti, rufe mana ƙofa, ki saki labule, kada wani ya ga ma'aikaciyar banki. Ke kuma, Tilo, cire takalman nan. Daga nan zuwa taga kawai. Ki yi mini tafiyar da na haife ki da ita, in gani."